Kai ɗan Nijar da ka zo Kaduna karatun aikin jarida, zo mu yi magana

Satin da ya wuce aka turo min wani yaro daga Maraɗi, ƙanin wani abokina ne, ya samu gurbin karatun Mas Kom, wato aikin jarida da sadarwa, a nan Kaduna. Na je na ɗauko shi a tashar Kawo, ya biyo ta Jibiya da Katsina ya sha zaman mota, amma sai fara'a yake yana ce min ai shi gida ya zo tunda ko'ina ya juya Hausa yake ji. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin wannan maganar sak na taɓa ji daga bakin wani ɗan Damagaram da muka zauna ɗaki ɗaya har muka gama makaranta, kuma na ga irin wuyar da ya ci kafin ya samu gindin zama. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, ko zai amfani wani, daga Nijar yake ko Kamaru ko Chadi ko zangon Kumasi.

Hausar nan da kake ji ita ce za ta fara yaudararka. Eh za ka yi ciniki da ita a kasuwa, za ka gaisa da maƙwabta, za ka ji huɗubar Juma'a, amma aji da Turanci ake yi, jarabawa da Turanci, asaimen da Turanci, kuma rabin 'yan ajinku ma ba Hausawa ba ne, akwai Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Yarbawa da Ibo, in sun fito daga lakca Turancin buroka suke zubawa. Ita kanta Hausar ba iri ɗaya ba ce. A satinmu na farko wani lakcara ya kira sunan abokin nan nawa ɗan Damagaram, ya miƙe tsaye da ladabinsa ya ce "na'am mushe". A can Nijar mushe malamin makaranta ne, daga Faransanci aka aro, mu kuma a nan mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Aji ya ɗauki dariya, malamin ya haɗe rai har sai da wani dattijo a cikinmu da ya taɓa zama Ƙonni ya yi masa bayani. Abin ya wuce a minti biyu, amma shi yaron bai sake ɗaga hannu a aji ba har samistar ta ƙare, ya koma kujerar baya, in an tashi ya sulale ya tafi wajen 'yan garinsu masu shayi ya zauna har dare. Ka ga ɗalibin da ya zo koyon magana a rediyo ya kulle bakinsa wata huɗu. Wannan ita ce asarar da ba na so ka yi. A nan ka ce Malam, ko Dakta, ko Farfesa in ya kai, mace kuma Malama ko ma, in da Turanci ne sa da ma sun wadatar. Biro a nan abin rubutu ne ba ofis ba, kaye ka ce littafin rubutu, montur agogo, fada kuma majalisa muke cewa, in ka ce za ka fada sai a ɗauka gidan sarki za ka. Za a yi maka dariya sau biyu sau uku, ka yi tare da su ka tambayi yadda ake faɗa ka wuce.

Toh kafin mu shiga aji bari mu gama da takardu, don su ne ke kwantar da hankali. Sunanka yadda yake a fasfo haka za ka tabbatar an rubuta shi a ko'ina, harafi da harafi. In Aboubacar ne kar ka yarda wani a kafe ko a wajen rajista ya "gyara" maka zuwa Abubakar, in Ousmane ne kar ya koma Usman, in Mahamadou ne ya zauna a Mahamadou. Da zuciya ɗaya suke yi, gani suke kuskure ne, amma ranar da ka koma Yamai da shaidar digiri mai suna daban da na takardar BAC ɗinka kai kaɗai za ka yi ta zarya. Takardunka na Faransanci kuma ka sa a fassara su fassarar hukuma, ka yi fotokofi da yawa, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka a imel, na asalin kuma su zauna a ƙasan akwati ba a jakar da kake yawo da ita ba.

Maganar izinin zama kar ka yi wasa da ita. Tsarin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, kwana 90 ya ba ɗan ƙasashen ƙungiyar ya zauna ba biza, bayan nan sai da katin zama, kuma ka san Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance tun 29 ga Janairun 2025, Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa ciki. Don haka kar ka dogara da abin da yayanka ya yi shekara biyar da suka wuce, ka karɓi wasiƙa daga makaranta ka je ofishin shige da fice da ƙafarka ka ji abin da ake bukata yanzu. Daga nan ne za ka samu yin lambar shaida ta NIN, sai layin waya da sunanka, sai lambar banki ta BVN da asusun banki. Nan kuma ga wata shawara da na san wani zai ba ka, zai ce ai kai Bahaushe ne, ka ce kai ɗan Katsina ne ko Daura a nemo maka takardar ƙaramar hukuma ka biya kuɗin makaranta irin na 'yan ƙasa. Dan Allah kar ka soma. Laifi ne, kuma ƙarya ce da za ka yi ta goyo shekara huɗu, ana iya tono ta a lokacin da za a ba ka sakamako, sannan ni a ganina wanda zai yi aikin tonon gaskiya bai kamata ya shigo ta wannan ƙofar ba.

Kuɗi kuma, ka manta da lissafin dala. A can in mai shago ya ce ashirin ka san sefa 100 yake nufi, a nan in mai keke ya ce ɗari uku to naira 300 ce cif, jaka kuma a bakin tsofaffin 'yan kasuwa naira 200 ce ba dubu ba. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 kan yuro ɗaya, ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 yau tana nan gobe tana can, saboda haka in an aiko maka daga gida ka fara biyan makaranta da haya, sauran ka riƙa canzawa kaɗan kaɗan. Kuma ka ajiye wani abu da ba ka taɓawa ko me ya faru. Lokacin da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, a watannin nan abokina ya ga ta kansa, direban da ke kawo masa saƙo daga gida ya daina zuwa, tukunya ɗaya muka koma ci, mahaifiyata ce ke aiko mana da tuwo daga Tudun Wada ranar Juma'a tana cewa a ba ɗana na Damagaram. Haka yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗan gari ya koma gidansu ya kwanta, baƙo kuwa haya na ci abinci na ci. Ka sa irin wannan a lissafinka tun yanzu.

Ɗaki, in ka samu hostal ka karɓa ko da bai yi maka ba, a shekarar farko dai, don nan ne za ka ji an canza ajin lakca, nan za ka ari handawut, nan kunnenka zai saba da Turanci ko ba ka so. In haya za ka kama ka sani a nan kuɗin shekara ake biya a dunƙule ba wata wata ba, ga kuɗin ajan a kai. Kar ka ba kowa ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka ka ga mai gidan ka karɓi rasit. Ka tambayi ruwa, rijiya ce ko bohol ko sai an saya wajen 'yan ga-ruwa, ka tambayi wuta mita ce ta kati ko raba bil ake, ka duba bango ko akwai shatin ruwa, don damunar Kaduna ba irin ta Maraɗi ba ce, tun wajen Afrilu ko Mayu ake farawa har Oktoba, ga sauro, gidan sauro ya zama cikin sayayyarka ta ranar farko. Sai adafta, don soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, cajarka mai ƙafa biyu zagayayyu ba za ta zauna daidai ba. Da fawa bank, wannan kam dole.

Yanzu karatun kansa. Ko a KASU kake, jami'ar jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ko Kaduna Poli inda ake ƙaramar difloma ta ND shekara biyu a fita aikin koyo shekara ɗaya a dawo babbar difloma ta HND, ko ABU da ke Samaru Zariya, tsarin maki ba irin wanda ka sani ba ne. Babu zancen 10 bisa 20 ka haye. Komai bisa 100 ne, a jami'a 70 zuwa sama shi ne A, akwai makin tes da asaimen da ake tarawa kafin jarabawa, kuma kowace samista tana shiga cikin CGPA ɗinka, matsakaicin makinka gaba ɗaya, har ka fita, wato in ka yi sakaci a shekarar farko kana cewa ai sabawa nake, wannan ramin za ka yi ta cikewa har aji huɗu. Kos ɗin da ka faɗi kuma kariyoba ne, zai biyo ka shekara mai zuwa. Ka nemi kilas ref, wato wakilin aji, ranar farko ya sa ka a gurup ɗin WhatsApp na aji, don rabin sanarwa a can ake yi, wani lokaci ƙarfe goman dare a ce gobe bakwai akwai tes. Wasu jarabawoyin a kwamfuta ake yi, kuma kibod ɗinmu QWERTY ne ba AZERTY da ka saba ba, A da Q sun yi musanyar wuri, M ma ta ƙaura, ka je kafe ka yi ta bugawa har yatsunka su saba kafin ranar da agogo ke ƙirga maka. Ka kuma duba sunan kwas ɗin da aka ba ka da kyau, tun 2020 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta sanar da raba Mas Kom gida bakwai, aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, fim daban da sauransu, wasu makarantun sun fara bi wasu suna kan tsohon suna.

Inda 'yan makarantar Faransanci ke shan wuya sosai shi ne rubutun labari. An koya maka ka yi shimfiɗa, ka kawo wannan gefe ka kawo wancan sannan ka haɗa, rubutu mai kyau da tsari. A nan malamin rubutun labarai so yake jimlar farko ta faɗi wa ya yi me, a ina, yaushe, sauran su biyo baya daga mafi muhimmanci zuwa wanda in edita ya yanke ba a yi asara ba. Na tuna asaimen ɗin farko da aka ba mu, a je kasuwa a rubuto labari. Shi abokin nawa ya je Kasuwar Barci ya zauna da teloli ya samo labari mai kyau ƙwarai kan yadda rashin wuta ke sa su kwana a shago suna jiran NEPA ana gab da sallah, amma sai ya cika shafi guda da tarihin sana'ar ɗinki kafin ya iso wajen. Malamin ya ja jan biro tun daga sama har ƙasan shafin, ya zagaye wata jimla ɗaya a shafi na biyu ya rubuta a gefe cewa daga nan labarinka ya fara. Ya dawo ɗaki kamar zai yi kuka. Abin da muka yi daga ranar, kullum da safe mu ɗauki labari ɗaya a Daily Trust ya karanta da ƙarfi, ya rufe, ya rubuta farkonsa da kansa cikin kalmomin da ba su wuce talatin ba, sannan mu duba yadda Aminiya ta kawo shi da Hausa. Wata uku muna haka. Ba wani sirri bayan wannan, kuma shi ne abin da ya fi kowane darasin Turanci na kuɗi yi masa amfani.

Turancin baki kuma ba ya zuwa sai an yi ta kwaɓawa. Ka zaɓi gurup ɗin asaimen da babu ɗan ƙasarku a ciki, da gangan. Ka shiga situdiyon makaranta tun kana aji ɗaya ko da wayar maik za a ba ka ka naɗe, ka roƙi a bar ka ka karanta sanarwa ko ta minti ɗaya ce, ka naɗi muryarka a waya ka saurara ko da ba ta yi maka daɗi ba. Ka sauke Audacity a laftof kyauta ne ka koyi yanka murya, CapCut kuma a waya don bidiyo. Ban ce ka yar da 'yan uwanka ba, ka je ka sha shayinka har zagaye na uku ranar Asabar, kewar gida ba ƙarya ba ce kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai su ne za su fara zuwa. Amma kar ya zama can kake kwana can kake tashi.

Sannan ka san garin da ka zo, don ɗan jaridar da bai san gari ba makaho ne. Kaduna garin rediyo da jarida ne tun asali. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da iyayenka ke kamawa a can gida tun 1962 yake, zamanin Sardauna. New Nigerian a nan aka fara ta a 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa a Zariya tun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, Weekly Trust ma a Kaduna ta soma a 1998 kafin a koma Abuja. Yau ga gidajen rediyo da talabijin irin su KSMC da NTA da Liberty da DITV da Freedom da Nagarta, in lokacin fita koyon aiki da ake kira SIWES ya zo ba za ka rasa inda za ka kai takarda ba, amma ka fara zuwa gaisuwa tun kafin lokacin. In furojet ya zo kuma ga Arewa House a titin Rabah ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai abin da za ka gani a can da babu shi a intanet.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar shiga makaranta ba. Kogin Kaduna ya raba garin biyu, kuma bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane sun ja jiki, Musulmi suka fi yawa a arewa, su Kawo, Unguwar Sarki, Tudun Wada, Rigasa, Kirista suka fi yawa a kudu, su Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Television. Rikicin Nuwamban 2002 ɗin nan da ya ci rayuka sama da 200, wani rubutu ne a jarida kan gasar sarauniyar kyau ya kunna shi. Malamai za su kawo maka wannan misalin a darasin ɗa'ar aiki, kar ka ɗauke shi a matsayin abin haddacewa don jarabawa, a ajinku akwai waɗanda iyayensu suka rasa gida a lokacin, ta kowane ɓangare. Baki shi ke yanka wuya, a garin nan mun ga haka da idonmu. Saboda haka in musun addini ko na ƙabila ya tashi a gurup, kai baƙo ne, ka karanta ka yi shiru ka koya. Amma ka ƙetare gadar. In ɗan ajinku na Barnawa ya gayyace ka gidansu ka je, ka gaida mamarsa, ka ci abin da ya halatta gare ka, kai ma ka kai shi ya ci masa a unguwarku. Wanda ya yi shekara huɗu a gefe ɗaya na kogin rabin Kaduna ya sani.

In za ka fita ɗaukar hoto ko bidiyo, katin makaranta a wuya, wasiƙar dipatmen a aljihu, ka nemi izini kafin ka ɗaga kamara, a kasuwa ka fara da shugaban 'yan kasuwa, a unguwa ka fara da mai unguwa. Garin nan cike yake da wuraren soja, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ga barikoki ga sansanin sojan sama a Mando, ko kusa kar ka nuna waya wajen, ɗan ƙasa ma yana shiga uku balle kai mai fasfon waje. Abin da kake rubutawa a Facebook ma ka kula, akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da ita. Siyasar Najeriya ka nazarce ta a aji, kar ka shiga cikinta. Ke kuma ƙanwata, duk wannan da ke nake, ƙari kawai shi ne in za ki ganin malami a ofis ki tafi da ƙawa, hira da wanda ba ki sani ba ki sa a yi ta a fili da rana, kuma ki samu wata babbar mace a dipatmen ko a unguwa da za ki riƙa kira Anti ko Mama wadda za ta san inda kike.

Faransancin nan da kake ɓoyewa kana jin kunya kamar shi ya hana ka Turanci, shi ne jarinka. A ɗakin labarai na Kaduna da wuya ka samu mutum ɗaya da zai saurari sanarwa daga Yamai ko Njamena kai tsaye ya fassara ta a take. Lokacin juyin mulkin nan abokina yana zuwa wani gidan rediyo koyon aiki, da ba mai kula shi sai aiken sayo ruwa, rana ɗaya ya zama shi ake jira, shi ke sauraron gidan talabijin na Nijar, Télé Sahel, ya faɗa musu me aka ce, shi ya gyara musu yadda ake kiran Tillaberi da Tawa, shi ke da lambar mutanen da za a kira a Maraɗi a ji yadda rufe iyaka ya taɓa farashin shinkafa. Sashen Hausa na BBC da ke aiki tun 1957 da na DW da RFI duk masu sauraronsu a ƙasashen biyu suke, mai Hausa da Faransanci da Turanci ba ya rasa wurin tsayawa. Don haka kar ka bar Faransancinka ya yi tsatsa, ka ci gaba da karatu da shi, kuma in an zo zaɓen batun furojet ka ɗauki abin da ya shafi iyaka, yadda gidajen rediyon Kaduna ke ba da labarin Nijar misali, ko bambancin Hausar labarai a nan da can, abin da ɗan ajinku ba zai iya ba ko ya so.

Shi wannan yaron na Maraɗi jiya na raka shi Kasuwar Gumi muka sayo adafta da gidan sauro da bokiti, na bar shi ya yi cinikin da kansa ina gefe. Na kuma haɗa shi da wata 'yar aji uku 'yar Kafanchan da ke karanta labarai a rediyon makarantarsu, ta ce ya same ta situdiyo ranar Litinin ƙarfe takwas, ya zo da biro da littafi.